A bar yara su yi tambaya a darasin tarihi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in yi magana kan yadda ake koyar da tarihi a makarantu. Kullum ana kukan yaran yanzu ba su san tarihi ba, kuma maganin da aka fi kawowa shi ne a ƙara wa darasin lokaci, a buga sabbin littattafai. Ban ƙi wannan ba. Sai dai ni malami ne, na san abin da ke faruwa idan aka shiga aji, inda mai tsara manhaja ba ya nan.

Malami ya shigo, ya juya wa yara baya, ya cika allo da rubutu, ya goge, ya sake cikawa. Kafin a kaɗa ƙararrawa hannun yara ya gaji, ƙwaƙwalwarsu kuwa ba ta motsa ba. Ya ce, "Kun gane?" Aji ya ɗauka baki ɗaya, "Mun gane, Malam!" Ranar jarrabawa su zubo abin da suka haddace, bayan sati biyu ya bi iska. Yaron da ya taso a irin wannan aji zai ɗauka tarihi jerin sunaye da shekaru ne da wani ya gama tsarawa tun tuni, shi nasa hadda kawai.

A ganina, babban abin da ya kamata yaro ya fita da shi daga ajin tarihi shi ne ɗabi'ar tambayar labari. Wa ya faɗa? Yana wurin ko ji ya yi? Me yake so a yarda da shi? Wannan hanya tsohuwa ce. Malaman hadisi sun gina ilimi guda a kan bincikar masu ruwaya. Ibn Khaldun ma, a Muƙaddimar da ya rubuta a 1377, ya caccaki marubuta tarihi da ke kwaso labari ba tare da sun auna shi da hankali ba. Ya soki marubucin tarihi Mas'udi da wasu kan wata tsohuwar runduna da suka ce ta kai mayaƙa 600,000, ya nuna cewa filin daga ba zai ɗauki wannan adadi ba, kuma na wannan gefe ba za su san halin da na wancan gefe suke ciki ba. A zamaninmu, wani masanin ilimi Ba'amurke, Sam Wineburg, ya wallafa bincike a 1991 inda ya ba ƙwararrun masana tarihi da haziƙan ɗaliban sakandare takardu iri ɗaya kan faɗan Lexington na 1775, wanda ya buɗe yaƙin neman 'yancin Amurka. Masanan sukan fara duba wanda ya rubuta takardar da lokacin da ya rubuta, ɗaliban kuwa su faɗa karatu daga layin farko suna karɓar komai a matsayin gaskiya. Ba hazaƙa suka rasa ba, babu wanda ya taɓa nuna musu ana yin haka.

Bari in kawo misalin darasi guda. A ce za a koyar da hajjin Mansa Musa, sarkin Mali, na 1324. Yadda aka saba, a rubuta musu ya tafi Makka, ya yada zango a Alkahira, ya rabar da zinare har darajarsa ta faɗi, shi ke nan. To, malami ya gwada rubuta 'yan layuka daga bayanin al-Umari, wani marubucin tarihi Balarabe na wancan zamani, kan ziyarar, sannan ya ƙara magana ɗaya: al-Umari bai ga sarkin da idonsa ba, bayan kimanin shekara 12 ya tattara labarin daga bakin mutanen Alkahira da suka yi hulɗa da ayarin. Sai ya yi shiru. Za ka ga wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to ai waɗanda suka sami kyauta za su iya yin ƙari." Wani ya ce, "Amma maganar faɗuwar farashi ai 'yan kasuwa sun fi kowa sani." Nan gardama ta tashi. Sai malami ya fito da hoton wata taswira da aka zana a tsibirin Mayorka a 1375, mai nuna sarkin a zaune riƙe da zinare, ya tambaye su yadda labarin wani sarki na Afirka ta Yamma ya kai ga mai zanen taswira a tsibirin Bahar Rum. Yaran da suka yi wannan muhawara ba za su manta 1324 ba, ko da ba a ce su haddace ba.

Na san abin da 'yan'uwana malamai za su ce, domin ni ma a cikin ruwan nake. Aji a cike, kayan aiki babu, ga manhaja mai tsawo da dole a ƙare kafin ƙarshen zango. Gaskiya ne. Amma darasin da na bayyana bai buƙaci komai ba sai alli da sakin layi ɗaya da hoto guda. Idan yara sun yi yawa, kowa ya tattauna da na kusa da shi na minti biyu kafin a saurari amsa. Akwai ma gyaran da ba ya cin komai. Wata masaniyar ilimi Ba'amurkiya, Mary Budd Rowe, ta gano, a binciken da ta gabatar a 1972, cewa malami kan jira kusan sakan ɗaya ne kawai bayan ya yi tambaya, kuma idan ya kai jiran sakan uku ko fiye, amsoshi kan yi tsawo, yaran da ba su saba magana ba su fara buɗe baki. Sakan uku a gaban aji yana da tsawo fiye da yadda mutum ke zato, duk wanda ya gwada ya sani.

Kada a ce na raina sanin shekarun da abubuwa suka faru. Yaron da bai san me ya riga me ba, ba zai iya gane me ya jawo me ba. A ja dogon layi a bangon aji, duk abin da aka karanta a sa shi a gurbinsa, har yaro ya gani da idonsa cewa shekara 30 ne kacal tsakanin buɗe taron Balin na Turawa kan rabon Afirka a 1884 da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1914.

Inda na fi jin takaici shi ne yadda ake horar da mu. A tara malamai a zaure, mai jawabi ya kwashe awa biyu yana gaya musu su daina yi wa yara dogon jawabi. Sufeto kuma idan ya zo, rajista da littafin shirin darasi yake dubawa, ya sa hannu ya tafi. A Japan malamai suna da wata hanya da suka daɗe a kanta: su haɗu su tsara darasi ɗaya, ɗayansu ya koyar, sauran su tsaya a gefe suna lura da yara, inda suka ruɗe da abin da suka rubuta, sannan a zauna a gyara. Shugaban makaranta zai iya soma wannan da malamai uku, muddin an yarda ba farautar laifin kowa aka zo yi ba. Masu tsara jarrabawa su ma da nasu alhakin, domin abin da ake tambaya shi ake koyarwa. Su riƙa sa ɗan guntun rubutu na tarihi a takardar, su ce ɗalibi ya faɗi dalilin yarda da shi ko yin shakka.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne jaridarku ta ware ɗan gurbi duk mako ta buga gajeren nassi na tarihi a cikin Hausa, tare da sunan wanda ya rubuta shi, da shekarar, da tambaya ɗaya ko biyu a ƙasa. Mu malamai za mu yanka mu shiga da shi aji.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani malamin tarihi a makarantar sakandare