Yaron da ke ɓarnata bakinsa magani yake buƙata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini don in ja hankalin iyaye kan yaran da ke yi wa bakinsu rauni da kansu.

A aikina na koyarwa na ga yarinyar da ke saƙa farce tsakanin haƙori da dasashi tana ƙwaƙula har naman ya janye, tushen haƙorin ya fito fili. Na ga yaron da ya gama famfara, amma kullum yatsansa na kan sabon haƙori yana girgiza shi har ya yi sako-sako. Wasu kuma cizon leɓe ne da cikin kunci har ya zama gyambo. Haƙorin da ya fito bayan famfara, daga kusan shekara 6, in ya faɗi ba ya da madadi.

Likitoci sun san alaƙar wannan da larurori biyu. Akwai ta rashin natsuwa da ake kira ADHD, wadda ke shafar kusan kashi 5 cikin 100 na yara a duniya. Irin waɗannan yara sun fi yawan cin farce, tauna biro da niƙa haƙora cikin barci. Akwai kuma ta matsanancin waswasi, OCD, inda yaro zai yi ta dirzar haƙora da buroshi har jini, zuciyarsa na faɗa masa ba su fita ba. Har wasu magungunan waɗannan larurori kan busar da baki ko su ƙara niƙar haƙora, don haka a sanar da likitan haƙori abin da yaro ke sha.

Mu kuwa sai mu ce ƙiriniya ce, ko tsutsar ciki, ko aljanu. A shafa masa barkono a yatsa, a zane shi. Wallahi abin na ci mini rai, domin tsoro ƙara wa ɗabi'ar ƙarfi yake yi, sai yaron ya koma yi a ɓoye.

Likitan haƙori zai iya yi masa robar kariya ta sawa a baki, amma sai an haɗa da likitan ƙwaƙwalwa na yara. Akwai Asibitin Malam Aminu Kano, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware. Ina roƙon ku tattauna da likitocin ɓangarorin biyu tare, ku buga da Hausa, don iyaye su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Wassalam.

Wata malamar firamare,
Kano