Wana ya shanye, wata takwas ina yawon biro

Assalamu alaikum Malam Edita, ina gaishe ka da aiki, kai da ma'aikatanka. Don Allah a ba ni ɗan fili, akwai abin da ke ci na wata takwas ke nan.

Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, magini, ya fi shekara ashirin yana ɗora bulo a garin ga na Maradi, gidajen unguwar Zariya da yawa da hannunshi a ciki. Wata Laraba bayan la'asar ya faɗi bisa aiki, tansiyo ce ta hau mishi, kafin a kai asibiti ɓarin dama ya shanye hannu da ƙafa, magana ma sai ka kasa kunne. Mata ɗaya, ɗiya shidda. Ni kuma tela ne, keke ɗaya gare ni da nawa iyalin.

Da munka ga hatsi ya ƙare kuma an saida akuyoyin matarshi, sai wani maƙwabci ya ce ai gwamnati na ba irinsu kuɗi, ku je ku nema. Na fara da tambayar CNSS, hukumar fanshon ma'aikata, don ita kowa ya sani, kuma gaskiya akwai fanshon naƙasa, amma na ma'aikacin da anka yi ma rajista ne ana cire mishi wani abu cikin albashi, sai ya yi shekara 5 da rajistar, an zuba mishi na wata 6 cikin wata 12 na ƙarshe, sannan likita ya tabbatar kashi biyu cikin uku na ƙarfin nemanshi ya tahi. Wana bai taɓa ganin takardar albashi ba, kullum da yamma ake danƙa mishi nashi a hannu. Ban ga laifin kowa ba nan, doka ce haka, sai dai Malam Edita mu nawa ne cikin garin ga masu albashi? Magina, teloli, ƴan kabu-kabu, mahauta, masu tura kura, manoman Tibiri da Madarunfa, duk waje muke.

Wani bawan Allah mai keken guragu da ke cikin ƙungiyar naƙasassu shi ya zaunar da ni ya karanta mini sauran. Ashe tun 1993 Nijar na da dokar kare naƙasassu, ta tabbatar da amincewarta da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hakkin naƙasassu a 2008, anka sake wata dokar a Disamban 2019, har an ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki, kuma tun 1996 akwai hukuncin da ya yafe musu kuɗin ganin likita da na kwanciya a manyan asibitocin ƙasa. Wallahi ban taɓa jin ko ɗaya ba, ni da rediyo ke kunne a shago tun safe har dare. Gurbin aikin dai bai da amfani ga wanda ko cokali bai iya ɗauka, amma na asibitin na ce to ko shi ne mu samu.

Nan wahala ta fara. Biro na farko anka ce in kawo sartifika ta likita, na kawo, anka ce saura takardar shaidar rashin ƙarfi, na tahi wani biron anka ce sai da katin ɗan ƙasa nashi da takardar haifuwa da hoto da tambur, takardar haifuwar kuwa tana ƙauye cikin akwatin tsohuwarmu gara ta ci rabi, sai da munka yi wata sabuwa ta kotu da shaidu biyu. Na haɗa dosiye cif na koma, sai wani ya ɗago kai ya ce ina mai ita, sai mun gan shi da ido. Mutum huɗu munka cicciɓe shi cikin adaidaita, jika biyu zuwa da dawowa, munka iske shef ya yi tafiya, ku dawo jibi. A hanyar komawa wana bai ce komi ba, hawaye kawai ke bin gefen bakin da ya karkace. Sau uku ina rufe shago ana gab da Sallah, masu ɗinki na zagina.

Ban ƙi faɗin alheri ba, ragin rabin kuɗin asibitocin gwamnati da anka fara a Satumban 2024 mun gan shi, kuma masu wankin ƙoda an ɗauke musu jika 150 ɗin nan da ake biya a farko, Allah ya saka. Amma ordinas ta farmasi aljihunka ce, maganin tansiyo ba a fashi, ga gashin ƙashi, ga tuwon dare na mutum takwas. Har akwai wanda ya ba mu shawara wai mu rinƙa aje shi ƙofar masallaci ran Juma'a, ai mutanen Maradi akwai sadaka. Mutumin da ya gina ma mutane benaye.

Roƙona ga hukuma ba mai yawa ba ne. A shiga rediyo a faɗa da Hausa, ba da Faransanci ba, abin da naƙasasshe ke da hakki a kai da takardun da ake so gaba ɗaya, ba sai ran 31 ga Yuli ko 3 ga Disamba ana bikin ranar naƙasassu ana ɗaukar hoto ba. Wanda ke kwance a tura ma'aikaci ya je gida ya gan shi, moto ɗaya ta isa. Kuma a samo mana hanyar da mu masu aikin hannu za mu rinƙa zuba ko dala ɗari-ɗari kamar adashi tun muna da ƙarfi, don ni ma tansiyon na da ita, an auna ni ranar da munka kai shi.

Dosiyen dai na can, an ce in leƙo ran Litinin, kuma zan je in sha Allah.

Naka mai karatu,
wani tela daga unguwar Bagalam, Maradi