Godiya ga wani shagon kayan kifin ado a Jidda

Assalamu alaikum.

Na rubuto wannan wasiƙa ne domin in gode wa masu wani ƙaramin shagon kayan kifin ado da ke nan Jidda, musamman matashin nan mai jin Hausa da ke tsaron shagon, wanda ya raba ni da wahalar da na yi wata biyu ina sha a kan tankina na farko na ruwan gishiri, mai cin lita 200, da na haɗa domin kiwon murjani.

Tun farko wani babban shago ne ya sayar mini da na'urar kumfa, mai cire datti daga ruwan tanki, wadda masu sana'ar ke kira sikima, irin ta tanki mai lita 800, wai babba ta fi aiki. Babu wanda ya tambaye ni yawan kifina, balle zurfin ruwan tankin ƙasa inda za ta zauna, wato ƙaramin tankin da ke cikin kabad a ƙarƙashin babban tankin. Yau kofinta na tara datti ya kwana a bushe, gobe ya tumbatsa ya jiƙa kabad, kuma da na koma da ƙorafi sai aka miƙo mini kwalbar wani sinadari aka ce in biya.

Shi wannan matashi bai nuna mini ko kaya ɗaya ba sai da ya ga hoton tankin a wayata. Ya ce, "Baba, na'urarku lafiyarta lau, girma ta yi wa tankin." Ya zauna ya fahimtar da ni cewa dattin da ya narke a ruwa, na kashin da kifi ke yi da ragowar abinci, yana manne wa ƙananan ƙwayoyin iska ne, su zama kumfa mai kauri da ke hawa wuyan na'urar ta zube cikin kofi, kuma dattin kifi huɗu ba zai isa ya cika faffaɗan wuya irin nata ba. Ya zaɓa mini ƙarama wadda kuɗinta bai kai rabin na farkon ba.

Ranar Asabar ya zo gida da ma'auninsa. Ya tarar ruwan tankin ƙasa ya kai santimita 28, alhali takardar na'urar ta ce 18, sai ya yi mata ɗan dandamali, ya ɗora ta a sashen farko inda ruwan sama ke saukowa, domin a nan tsayin ruwa ba ya sauyawa, saɓanin sashen famfon da ke mayar da ruwa sama, wanda ke raguwa kullum. Ya bar sarari a samanta yadda kofin zai fita ba tare da ya daki katako ba, ya auna gishiri ya ga giram 35 a lita, sannan ya roƙe ni kada in riƙa murɗa ta har mako biyu, domin sabuwa ba ta daidaita da wuri. A kwana na 12 na ga ruwa mai duhu kamar shayi ya taru a kofin.

Abin da ke damuna shi ne yadda shaguna da yawa suka mayar da sabon shiga wurin zubar da kayan da suka ƙi sayuwa. Suna karanta masa lambar da ke jikin kwali, alhali sun san murjani halitta ce mai rai, kuma kuskure kaɗan a ruwa yana kashe ta. Tambaya biyu kacal da sun yi mini a ranar farko, da ban yi asarar kuɗi da murjani uku ba.

Allah Ya sanya albarka a kasuwar wannan shago, Ya saka wa wannan matashi da iyayensa da alheri.

Wassalam,
Wani mazaunin Jidda