Rahoton Ayyukan Shekara: Kallo da Muhawara kan Fina-finan Sararin Samaniya

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi. A madadin kwamitin gudanarwa, ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta masu kallo da nazarin fina-finai ta yi a shekarar da ta ƙare.

A babban taron bara aka amince mu ware shekarar ga fina-finan kimiyya na sararin samaniya, mu duba yadda suke nuna rikicin masu hali da 'yan ƙwadago. Wasu dattawanmu sun yi ɗari-ɗari da farko, suna ganin kumbo da dodanni wasan yara ne. Alhamdulillahi, kafin damina ta sauka su ne suke riƙe muhawara har a kira isha'i.

Mun buɗe da Aelita, fim marar sauti da Yakov Protazanov ya shirya a Tarayyar Sobiyet a 1924, inda leburorin duniyar Mas suka yi wa masu mulkinsu bore. Kallonsa ya yi wa matasa nauyi, don haka ba mu daɗe a kansa ba.

Alien na Ridley Scott, wanda ya fito a 1979, shi ya fi cin lokacinmu, kuma ya cancanta. Da yawanmu mun san shi a matsayin fim na ban tsoro kawai. Amma da ɗan uwan da ke mana fassara ya tsayar da majigi a wurin da ma'aikatan kumbon su bakwai suke cin abinci, sai aka ga injiniyoyi biyu, Parker da Brett, suna ƙorafin cewa kasonsu na alawus bai kai na sauran ba, alhali su ne ke cikin zafin inji a ƙasa. Wani bakanike daga cikinmu ya miƙe ya ce wannan magana ya san ta, ita ce ake yi kullum a gareji idan an gama aiki an zo rabo. Da aka kai inda asirin kamfanin da ya mallaki kumbon ya tonu, cewa a kawo dodon da ya shiga kumbon ko da ma'aikatan duka za su halaka, ɗakin ya yi tsit, sannan muhawara ta ɓarke.

Bayan Sallah muka haɗa fina-finan haƙar ma'adinai guda uku. A Outland na 1981, ana ɗura wa leburorin Io, ɗaya daga cikin watannin Jupita, ƙwaya don su yi aiki fiye da ƙarfinsu. A Total Recall na 1990, mai mulkin Mas iskar shaƙa yake sayarwa, unguwar da ta yi masa gardama ya toshe mata. Moon na 2009 kuwa ma'aikaci ɗaya ne tak a kan wata da kwantiragin shekara 3, bai san cewa kamfani ya ajiye irinsa da yawa don maye gurbinsa ba. A nan ne wani malaminmu mai ritaya ya ba da tarihin ɗiban gwamna, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka tilasta wa mutanen Arewa zuwa haƙar kuza a Jos a Yaƙin Duniya na Biyu, da yadda sanyi da cuta suka ci mutane a can. Muna masa godiya ta musamman, Allah Ya ƙara lafiya.

Elysium na Neill Blomkamp, na 2013, ya raba kanmu. Labarin yana faruwa a 2154, attajirai sun koma tasha a sama mai na'urar warkar da kowace cuta, talakawa suna ƙasa a cunkushe. Wata 'yar uwa ma'aikaciyar jinya ta ce hoton gaskiya ne, domin ta sha ganin wanda ake ɗauka a jirgi zuwa asibitin waje da wanda ake sallama saboda kuɗin magani. Wasu suka ce ƙarshensa yaudara ce: jarumi ɗaya ya sadaukar da ransa, an canja bayanai a kwamfuta, kowa ya zama ɗan ƙasa. Ni dai ina tare da su. Yawancin waɗannan fina-finai sun ƙware wajen nuna ciwon, amma in an zo magani sai su ɗora shi a wuyan mutum ɗaya, ba a ganin ƙungiyar ƙwadago ko yajin aiki ko talakawa sun haɗa kai.

Zamanmu na ƙarshe lauyan da ke cikinmu ne ya jagoranta. Ya bayyana cewa yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta hana kowace ƙasa mallakar wata ko wata duniya, amma a 2015 Amurka ta yi dokar da ta ba kamfanoninta damar mallakar abin da suka haƙo daga can, ƙasar Luksambok ma ta bi sahu a 2017. Ya kuma tuna mana cewa Najeriya da Ruwanda su ne ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu kan yarjejeniyar Artemis, wadda Amurka ke jagoranta kan ƙa'idojin binciken sararin samaniya, a Disamba 2022. Mun roƙe shi ya rubuta bayanin da Hausa don a raba wa kowa.

Matsalolinmu ba sabbi ba ne. Ɗauke wuta ya sa mafi yawan kuɗin ƙungiya ya tafi a man janareta, wasu mambobi kuma har yanzu ba su cika kuɗin wata ba. Ma'aji zai karanta cikakken lissafi a babban taro. 'Yan uwa mata sun nemi a mayar da zama bayan la'asar don su koma gida da wuri, kwamiti ya amince.

Ga shekara mai zuwa, muna ba da shawarar a kalli zangon farko na shirin talabijin The Expanse da kuma Mickey 17 na Bong Joon-ho, wanda ya fito a 2025. Muna kuma neman mutum biyu ko uku da za su taya mai fassara, domin nauyin ya yi masa yawa. Duk mai sha'awa ya ba da sunansa ga sakatare kafin ranar taro. Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa