Amsa ga Ɗana da Ya Tambaye Ni Kan Tafiyar Bishara Zuwa Myanmar

Ɗana,

A taron zumuntar matasa na ranar Asabar ka miƙe gaban jama'a ka ce ku shida kuna tara kuɗin jirgi domin ku je Myanmar wa'azi na mako biyu, sannan ka tambaye ni ko zan sa muku albarka. Na nemi ka ba ni kwanaki, domin ban so in kashe maka gwiwa a gaban sa'o'inka ba, ban kuma so in yi maka daɗin baki ba. Niyyarku ta faranta mini rai, amma wannan shiri na mako biyu ba zan goyi bayansa ba.

Ƙidayar shekarar 2014 ta nuna kusan kashi 88 cikin 100 na mutanen ƙasar mabiya addinin Buddha ne, Kiristoci kuwa kashi 6. A nan gida, idan ka zauna da maƙwabcinka Musulmi kuna maganar Allah Mahalicci da Annabi Isa da tashin kiyama, ko kun saɓa, kowa ya san abin da ɗan'uwansa yake nufi. Koyarwar Buddha da ake bi a can ba ta tsaya a kan Mahalicci ba, kuma wanda aka rene shi a kan cewa sake haihuwa bayan mutuwa ita ce wahalar da ake neman kuɓuta daga gare ta, idan ka yi masa albishir da rai madawwami ta bakin tafinta, yana iya jin kamar ɗaurin rai da rai kake yi masa alkawari.

Adoniram Judson, ɗan mishan mutumin Amurka, ya isa birnin Rangun na ƙasar Bama, wato Myanmar ta yanzu, da matarsa Ann a 1813, ya duƙufa koyon yaren Bama da kuma Pali, harshen littattafan addininsu. Ya je ya zauna ya saurari mai wa'azin Buddha domin ya ga yadda ake zama da yadda ake magana, sannan a 1819 ya gina zayat, wato rumfar da matafiya suke hutawa a ciki, a bakin hanyar zuwa babban wurin ibada na Shwedagon, yana zama yana hira da duk wanda ya ratso. A wannan shekarar, bayan shekara shida, ya yi wa mutum na farko, Maung Nau, baftisma. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Bama da Ingila a 1824, aka zarge shi da leƙen asiri, aka sa masa mari a kurkukun birnin Ava, fadar sarkin Bama. Ann ta ɗinke fassararsa ta Sabon Alkawari cikin wani matashin kai mai tauri wanda babu wanda zai yi sha'awarsa, ta kai masa yana kwana a kai. Ta rasu a 1826, shi kuma ya kammala fassarar Littafi Mai Tsarki a 1834, har yau ana karanta ta. Ka tuna namu na Hausa sai a 1932 ya fito cikakke.

Saboda haka ikilisiyar da za ku tarar ta girme tamu. Bishara ta yaɗu cikin ƙabilar Karen ta bakin ɗansu Ko Tha Byu, wanda aka yi wa baftisma a 1828, daga baya ta kafu cikin Chin da Kachin, kuma da gwamnatin soja ta Janar Ne Win ta kori 'yan mishan na waje a 1966, fastocin ƙasar suka ci gaba da aikin da kansu.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda zai ɗauki nauyin ziyararku bayan kun dawo. Tun 2015 akwai dokar da ta ce mai son sauya addini sai ya nemi izinin hukuma, kuma bayan juyin mulkin soja na 2021 an ƙona gidaje da majami'u a garin Thantlang na jihar Chin. Idan kun shiga da bizar yawon buɗe ido kuka raba takardu a kasuwa, jirgi zai dawo da ku, faston da ya sauke ku shi za a kira ya amsa tambayoyi.

Zan sa albarka da zuciya ɗaya idan kuka fara rubuta wa shugabannin ikilisiyar can kuka tambaye su abin da suke buƙata, ko da amsarsu ita ce ku aika kuɗin jirgin ga waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu. In kuma akwai a cikinku wanda kiran ya kama shi da gaske, ya shirya ba da shekaru ga koyon yare, ya koyi cire takalmi a ƙofar wurin ibadar da ba tasa ba, ni da kaina zan tsaya masa gaban dattawa. Ku zo gidana ku shida ranar Lahadi bayan sujada, mu rubuta wasiƙar tare.

Naka cikin Almasihu,
Babanka a ikilisiya