Rahoton Kwamitin Gyaran Ɗakin Ajiye Bayanan Ambaliya

Assalamu alaikum. Iyayenmu malamai da masu unguwanni, iyayenmu mata da matasa, kwamitin da kuka ɗora wa gyaran tsohon sito na makarantar Islamiyyar unguwarmu yana sanar da ku cewa aiki ya kammala, an kuma mayar da kaya ciki.

Ga waɗanda ba su san asalin maganar ba: bayan ambaliyar 2003, lokacin da Kogin Kaduna ya cika ya shiga gidajen mutane, wasu matasanmu sun bi gida-gida da rediyo mai kaset suna ɗaukar bayanin waɗanda abin ya shafa. An ƙara bayan ambaliyar 2012, aka sake bayan ta 2022, wannan karon da wayar hannu. Akwai kuma littattafan makaranta da aka cika da boko da ajami, da hotuna. Duk an zuba su cikin kwalaye a siton da rufinsa ke yoyo, gara na cin su ta ƙasa.

Aikin da ya fi cin kuɗi da gardama shi ne daɓe. Wasu sun ce a sāke kwano kawai a yi fenti. Birkila ya ƙi, kuma kwamiti ya bi bayansa, domin a cikin kaset ɗin kansu akwai tsohuwar da ta faɗi inda ruwa ya tsaya a bangon makarantar nan a 2003. Da bayaninta aka yi awo. An fasa tsohon daɓe, aka cika da jar ƙasa, aka zuba maganin gara, aka shimfiɗa leda mai kauri saboda laima kafin a zuba kankare. Yanzu sai an taka matakala ake shiga ɗakin. Ɗaga ƙasa ya jawo ɗaga bango da ƙofa, abin da ya sa aikin ya wuce lokacin da muka ɗiba, ga siminti da ke tashi kullum.

Sauran ba su ba da wahala ba. An sāke kwano da silin, an sa raga a tagogi saboda ɓera da ƙurar hunturu. Kantocin ajiya na ƙarfe ne, mai walda ya haɗa su, kuma an janye su kaɗan daga bango don iska ta riƙa ratsawa. An sa sola da batir da fanka, saboda zafi da laima su ne ajalin kaset. Ba mu sa katako ko ɗaya a ƙasa ba.

An tambaye mu fiye da sau ɗaya: me ya sa za a kashe kuɗi kan muryoyin tsofaffi alhali azuzuwa na neman benci? Tambaya ce mai kyau. Takardun hukuma irin na NEMA da SEMA, wato hukumomin agajin gaggawa na ƙasa da na jiha, suna ƙidaya gidajen da suka rushe da mutanen da suka rasa matsuguni, aikinsu ke nan. Amma wanda ruwa ya kora da tsakar dare shi ya san ta wane lungu ruwan ya fara shigowa, wace kwata ce leda ta toshe, wace hanya ce aka bi da yara da marasa lafiya aka fita lafiya, wane gida ne ya buɗe ƙofa. Kogin nan daga tsaunukan Jos yake tasowa, don haka yakan cika a Agusta da Satumba ko da a nan ba a yi ruwan kirki ba, kuma mutanen Kigo Road da sauran unguwannin bakin kogi shaida ne. Da yawa daga waɗanda suka yi magana a 2003 sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Waɗanda ke sayen filaye a bakin ruwa yau ba su ji daga bakinsu ba.

Kaduna ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Muna da reshen ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, muna da cibiyar binciken tarihi ta Arewa House a gidan Sardauna da ke Rabah Road, wadda aka kafa a 1970. Kwamiti na ba da shawara a nemi ɗayansu ya karɓi kwafi, don ajiya wuri guda ba ajiya ba ce. An riga an fara juye kaset ɗin zuwa kwamfuta. Kaɗan sun lalace ba sa jiyuwa.

Akwai amana a ciki. Wasu mata sun yi magana da sharaɗin kada a ambaci sunansu, wasu sun faɗi rashin da ko danginsu ba su ji dalla-dalla ba. Waɗannan suna cikin kabad mai makulli, ba a buɗewa sai da izinin mai bayanin ko magadansa. Bayanan da aka yi da Gbagyi kuma muna neman mai fassara su.

Lissafin kuɗin shiga da fita, da rasit ɗin kowane kaya, yana manne a allon sanarwa na makaranta, kowa na iya dubawa. Muna godiya ga 'yan kasuwa da matan da suka ware daga adashinsu, da samarin da suka yi dakon yashi kyauta. Allah ya saka da alheri.

Abin da ya rage shi ne tukunyar kashe gobara da kwatar da za ta janye ruwan rufi daga gindin bango, kuma muna so a yi ta kafin damina. Makulli yana hannun shugaban makaranta. Ɗakin na buɗe ranakun Asabar da Lahadi bayan la'asar, ga mai son saurare da mai son ba da nasa bayanin.