Tsofaffinmu na Sudan ba su da fayil ɗaya da ke bin su har tsufa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaishe ka da sauran ma'aikata baki ɗaya, ya aiki ya ɗawainiya da mu. Ni mai sauraronku ne daga Gadarif nan gabashin Sudan, aikina rubuta sunan marasa lafiya da ajiye fayil a wani ƙaramin asibitin unguwa, wato gabana ake fara tsayawa kafin a ga likita. Na ji shirinku na lafiya da kuka yi kan tsufa da cututtukan tsofaffi, ya yi daɗi Allah ya saka da alheri, amma kusan duk alƙaluman da aka kawo na Turai ne da Amurka, shi ne na ce bari in rubuto in faɗi dalilin da ya sa namu ba za su samu ba ko an nema, da abin da nake ganin ya kamata a yi tun yanzu da ake sake buɗe ofisoshi a garuruwan da yaƙi ya lafa.

Su waɗancan alƙaluman fa ba rana ɗaya aka tara su ba. A Amurka tun 1992 Jami'ar Michigan take bin mutane kusan 20,000 'yan sama da shekara 50, duk bayan shekara biyu a koma musu, mutanen dai su ne ba a canza su, a tambayi lafiyarsu da kuɗin da suke samu da wanda suke zaune da shi, in wani ya rasu a rubuta, lokaci lokaci a ƙara sabbin da suka kai shekarun. Abin da ya fi burge ni ba tambayoyin ba ne, haɗawar ce. In mutum ya yarda sai a ɗauko bayanin albashinsa da fanshonsa na shekaru da yawa daga ofishin gwamnati, a ɗauko na inshorar lafiyarsa, a jera su da amsoshinsa. To a nan ne likita da masanin tattalin arziki da masanin zamantakewa za su zauna kan fayil ɗaya, wannan ya ga ciwon suga, wancan ya ga shekarar da aka sallami mutumin daga aiki, na ukun ya ga lokacin da matarsa ta rasu ya koma shi kaɗai a gida. Ingila ta fara irin nasu a 2002, ƙasashen Turai a 2004, Indiya ma ta yi nata daga 2017 da mutum sama da 70,000. Kuma kar a ce abin masu kuɗi ne kawai, a ƙauyukan Agincourt na Afirka ta Kudu tun 1992 ake bi gida gida ana rubuta haihuwa da mutuwa da ƙaura, shi ya sa da suka tashi binciken tsufa a 2015 da mutum wajen 5,000 ba daga sifili suka fara ba, tarihin kowane gida na nan a ajiye.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Holan. A sanyin 1944 zuwa 1945 lokacin da Jamus ta mamaye su an yi yunwa mai tsanani a yammacin ƙasar ta 'yan watanni. Wani asibiti a Amsterdam bai daina rubutu ba duk da halin da ake ciki, kowace mai ciki da nauyin jaririnta an rubuta. Bayan shekara hamsin masu bincike suka ɗauko waɗannan takardun, suka bi rajistar jama'a suka nemo jariran sun zama dattawa, aka auna su, sai aka ga waɗanda yunwar ta same su suna ciki sun fi saurin samun matsalar suga da ciwon zuciya. Yunwar wata biyar ko shida, amma ta jira mutum har ya yi furfura.

Yanzu Malam Edita ka dubo mu. An yi fari da yunwa a Sudan a 1984 da 1985, Darfur da Kurdufan da duwatsun gabas, manyanmu har yau suna tuna dawar agaji da aka sa wa suna Regan, sunan shugaban Amurka na lokacin, da mutanen da suka taru a Muwailih bayan Umdurman. Yaran da aka haifa a lokacin yau sun kai arba'in, sun fara zuwa teburina da hawan jini da suga. Wa zai iya cewa ga wanda aka haifa a ina, uwarsa me ta ci? Babu. Ga kuma wannan yaƙin da ya fara 15 ga Afrilu 2023, har a watan Agusta 2024 aka tabbatar da yunwa a sansanin 'yan gudun hijira na Zamzam da ke Darfur. Jariran da ake haifa yanzu su ne 'yan sittin na wajen 2085, in ba a rubuta su yau da lambar da za ta bi su ba to likitan wancan zamanin ma haka zai zauna yana lalube kamar yadda muke yi.

Bari in nuna maka yadda abin yake a teburina. Tun da birnin Madani, babban birnin Jazira, ya faɗa hannun dakarun RSF a Disamba 2023 mutane suka kwararo mana, daga baya na Sinja da Sinnar suka biyo. Sai ka ga hajiya ta zo jikanta na riƙe da hannunta, ta kwance bakin mayafi ta fito da leda, a ciki akwai kwalin maganin hawan jini da ya ƙare, katin wani asibiti na Madani da ruwa ya taɓa, katin inshora da ya daina aiki, wani lokacin har da takardar gwajin ido ta shekara goma baya. Wannan ledar ita ce duk tarihin lafiyarta. In ce Hajiya shekarunki nawa, ta yi dariya ta ce ɗana rubuta abin da ka gani. In duba takardarta in ga 1 ga Janairu, ita ma, da wadda ta gabace ta, da dattijon da ke bayanta, don yawancinsu ba su da takardar haihuwa sai ta tasnin, likita ne ya dube su ya ƙiyasta shekara aka liƙa musu ɗaya ga wata ɗaya. Wasu an rage musu don shiga makaranta ko aiki, wasu an ƙara. Ni dabarar da nake yi sai in tambaya, lokacin da Turawa suka tafi a 1956 kin yi wayo? Zamanin mulkin Janar Abbud an yi miki aure? Da aka sauke shugaba Numeiri a 1985 'ya'yanki nawa? A haka nake kusantar gaskiya, amma fom ɗin ba shi da gurbin da zan rubuta wannan, sai in buɗe mata sabon fayil kamar yau ta zo duniya.

Sai matsalar suna, wadda mu Hausawa ta fi damunmu. Mutum ɗaya a gida Garba ne, a katin asibiti Abbakar, a takardar gona Babikir, a fasfo Abubakar. Sunan kaka wani ya rubuta wani ya tsallake. A unguwa ɗaya kuma za ka samu Muhammad Adam Abdullahi sun fi a ƙirga, dukkansu haihuwar 1 ga Janairu. Ko wace irin kwamfuta ka kawo ba za ta iya cewa wannan shi ne wancan ba, ko dai ta raba mutum ɗaya gida uku ko ta haɗe mutum uku su zama ɗaya. Suwidin tun 1947 ta ba kowa lamba, Denmark 1968, shi ya sa haɗa bayanai ya zo musu da sauƙi. Mu ma ai muna da rakam watani, wato lambar ɗan ƙasa, tun wajen 2011, sai dai amfaninsa ya fi yawa a fasfo da banki da jarrabawa, fayil ɗin asibiti kuwa kowa da lambar da ya ƙirƙira.

Ƙidaya ma tun ta 2008 ba a sake ba, wadda ta ba da mutum miliyan 39 da ɗoriya, kuma har da Kudu a ciki kafin ta ɓalle a 2011. Kafin ita an yi a 1955 zuwa 1956, da 1973, da 1983, da 1993. Ko da an sake ma ƙidaya adadi kawai take bayarwa, ba ta bin mutum.

Abin da ke ba ni takaici shi ne ba wai babu rubutu ba ne, rubutu na nan a warwatse. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925 ake noman auduga a Jazira, hukumar aikin a Barakat tana da daftarin masu hawasha, wato gonar da hukumar ke ba manomi, shekara da shekaru. Iyayenmu da kakanninmu su suka yi tsinkar audugar nan, suna zaune a kambo, wato sansanin 'yan ƙwadago, bakin magudanar ruwa, tsargiya da zazzaɓin sauro ba su bar kowa ba, jirgi na feshin magani a kansu. A nan Gadarif kuma yankan riɗi da dawa, a sunkuye tun asuba, ga cutar kala azar, zazzaɓi mai kumbura saifa, a ƙauyukan kudu. Yau su ne masu ciwon baya da gwiwa da ƙoda da makanta. Akwai bayanin ruwan sama na kowace shekara, akwai daftarin fansho, akwai na inshorar lafiya, akwai na diwanin zakka da ya san gidan da ke karɓar taimako, ɗaliban likitanci na Jami'ar Jazira sun daɗe suna fita ƙauyuka suna rubuce rubuce. Kowanne na ɗakinsa, ba mai magana da wani, kuma Allah kaɗai ya san nawa ne suka tsira daga wuta da wawaso. Ga 'yan uwanmu da suka yi rabin rayuwarsu a Makka da Jidda da Madina, can komai nasu na cikin waya a manhajar lafiya ta Sehhaty da lambar iƙama, wato takardar izinin zama, ranar da mutum ya dawo gida da tsufansa sai ya dawo hannu rabbana, ko sunan maganin da yake sha bai sani ba sai launin ƙwayar.

Wani zai ce ana fama da abin da za a ci yau kai kana maganar fayil. Na yarda abinci ne gaba. Amma daftari da biro da gurbi ɗaya a fom ba su ne za su cinye kuɗin agaji ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zuwa 2050 'yan shekara 60 zuwa sama za su kai biliyan 2.1, kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi. Kuma aron sakamakon wasu ba ya isa. Binciken da aka fara a 1992 tsakanin Ibadan da Indianapolis ya nuna cutar mantuwa ta Alzheimer ta fi ƙaranci a tsofaffin Yarbawa na Ibadan kan baƙaƙen fatar Amurka, ka ga ashe wuri da abinci da yanayin zama suna canza lissafi. Namu yaya yake? A nan in tsohuwa ta fara rikicewa cewa ake tsufa ne, ko an yi mata asiri, ba ta shiga lissafin kowa.

To amma akwai inda ni kaina nake ja da baya, kuma ina so a faɗe shi a fili. Mu Hausawan Sudan mun san zafin takarda. Mutum kakansa ya zo daga ƙasar Hausa tun bayan yaƙin Burmi na 1903 da aka yi da Turawa, an haifi ubansa a garin Mai Wurno na jihar Sinnar, shi ma nan, amma ya je neman jinsiyya, wato takardar zama ɗan ƙasa, a ce ya kawo shaidu a tsaya ana yi masa tambayar asali. Rikicin ƙabilanci da ya rutsa da Hausawa a jihar Blue Nile a Yulin 2022 bai bar zukatan mutane ba, kuma a wannan yaƙin an ga yadda ƙabilar mutum ko garin da aka haife shi ke iya zama laifi a shingen hanya. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. In ka zo wa dattijo da fom kana tambayar ina aka haifi babanka, gonarka nawa, wa ke aiko maka kuɗi daga Saudiyya, kuma ka ce za a haɗa da lambarsa ta ƙasa, wallahi ƙarya zai shirga maka kuma ban ga laifinsa ba. Don haka in za a yi, a yi shi yadda masu yin suke yi: a nemi yardar mutum da harshen da yake ji, a cire suna a sa wata lamba kafin mai bincike ya gani, mabuɗin ya zauna a hannun wata hukuma daban da doka ta hana ta miƙa wa jami'an tsaro ko masu raba fili. Gurbin ƙabila ma ni a ganina a bar shi, a rubuta sana'a da wurin zama da irin ruwan da mutum ya sha, su ne ke sa ciwo. Kuma masu shiga gidajen su zama 'ya'yan unguwa, mata su shiga wajen mata, limami da sarkin Hausawa su san da zancen tun farko.

Ba sai an fara da ƙasa duka ba. A ɗauki ƙauyuka kaɗan a Jazira da Sinnar da Gadarif, a rubuta kowa, a riƙa komawa, a sa rakam watani a kan kowane katin asibiti, wanda shekarunsa na ƙiyasi ne a sa alama cewa ƙiyasi ne. Tsofaffin daftarin da suka rage a ɗauki hotonsu da waya kafin gara ta gama da su.

Roƙona gare ku shi ne ku sake shirin, wannan karon ku gayyato masanin ƙidayar jama'a da likitan tsofaffi da lauya su zauna tare, ku buɗe layi mutanenmu na Kasala da Damazin da Fot Sudan da Makka su kira. Ni tambayata ga lauyan ita ce, in an haɗa bayanan mahaifiyata wuri ɗaya, wa ke da ikon buɗewa, kuma in ya buɗe ba bisa ƙa'ida ba ina zan kai ƙara?

Na gode, a gaida ma'aikata.

Naku mai sauraro,
daga Gadarif, Sudan